Zaren da Bai Ruɓe Ba

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu cikin shekaru ashirin ɗin nan a tsaye ya san Nimol. A tsaye take cin abinci, kwano a hannu, ta jingina da dirkar gida. A tsaye take gaisuwar mutuwa, a tsaye take kallon biki, in ƙafa ta gaji sai dai ta kwanta a gefe guda. Yara suka sa mata suna Zalɓe, manya suka yi ta tsawatar musu, daga baya su ma suka ɗauka. Ni kaina na kira ta da shi, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Abin haushin shi ne, in akwai yarinyar da ta iya zama a yankin Takeo kaf, to Nimol ce. Uwarta Sarom masaƙiyar siliki ce, kuma tun Nimol tana shekara tara ta ɗora ta a kan bencin masaƙar da ke ƙarƙashin gidansu, don gidajenmu a kan dirkoki ake gina su, ta ɗaura mata katako a sandunan takawa don ƙafarta ba ta kai ba. Daga ranar sai dai a kira ta cin abinci sau uku kafin ta motsa. Ƙanwarta Malis takan yi rabin sa'a ta fara miƙa, ta ce bayanta, ta ce wuyanta, ta ce fitsari. Nimol kuwa daga hantsi har inuwar giginya ta kai bakin rijiya tana nan, ƙoshiya na kai da kawowa, bakinta na motsi. Ƙirga take yi. Irin saƙarmu ana ɗaure zaren ne a rina shi tun kafin ya hau masaƙa, in ka kuskure zare ɗaya, giwar da ke jikin zanen sai ta fito da karyayyar ƙafa. Giwar Nimol ba ta taɓa ɗingishi ba.

Sarom ba mace ba ce mai yabo. Ta wuce ta cikin shekarun yunwa, ta binne miji da 'ya'ya biyu, abin da ya rage mata a duniya 'yan matan nan biyu ne da masaƙa, kuma ta riƙe su riƙon da har yakan yi zafi. Iyakar abin da take cewa in ta shafa saƙar Nimol shi ne ba laifi. Amma kowa ya ga wa ta bar wa bencin.

Nimol ta auri Narin tana da ashirin da ɗaya, yaro mai haƙuri, mai hawan giginya yana ɗebo ruwanta a dafa mazarƙwaila. Ya tare a gidansu. Da ciki ya shiga, ta kafa zane mafi girma da ta taɓa ɗaurawa, irin wanda ake shimfiɗawa a rufin wat, gidan ibadarmu, daidai saman inda sufaye ke zama. Ta yi niyyar ta gama shi kafin ta sauka. Saura kamu biyu naƙuda ta zo mata wata safiya, ƙafarta a kan sandar takawa.

Sarom ta so a kira tsohuwar da ke karɓar haihuwa a gida. Narin ya ce a'a, an hana yanzu, ya ari babur ya kai ta ƙaramin asibitin gunduma. Ungozomar da suka tarar ita kaɗai ce a kan mata shida, tun jiya ba ta je gida ba, kuma a wurinta magana ɗaya ce: haihuwar fari, ƙari. Haka aka koya mata, haka take yi wa kowa, ko jikin mace zai buɗe da kansa ko ba zai buɗe ba. Ba ta ma jira kan jaririya ya cika ƙofa fata ta yi siriri ba, ta sa almakashi ta yanka a karkace, cikin tsoka mai kauri. Allurar kashe zafi ta ƙare tun makon jiya. Zaren da ke narkewa a jiki shi ma ya ƙare, sai wani baƙi mai santsi. Da shi ta ɗinke ta, ɗanye.

Nimol ba ta yi ihu ba, don a wurinmu macen da ta yi raki a haihuwa sai an shekara ana ba da labarinta a bakin rijiya. Ta cusa gefen ɗankwalinta a baki ta yi abin da ta iya, ta ƙirga. Allura ta shiga ta fita, aka ƙulla, ɗaya. Har biyar.

"Kin ga ɗinki," in ji ungozomar tana wanke hannu. "Na tsuke miki tsaf. Mijinki zai zo ya gode mini."

A bakin ƙofa ta gaya wa Narin cewa a dawo da ita rana ta bakwai a cire zaren, ta rubuta a 'yar takarda ta ba shi. Narin ya kawo takardar da saƙon ya damƙa wa surukarsa, don maganar jego ba ta namiji ba ce.

Kafin su iso Sarom ta riga ta haɗa gadon gora, ta hura gawayi a ƙarƙashinsa, ta zagaye wurin da tabarmi kada iska ta sami ƙofa. Mai jego jijiyoyinta ɗanyu ne, sai an gasa su sun nuna, kowa ya san wannan. Aka sa wa Nimol hular ulu da safa, aka toshe mata kunne da auduga, aka shafe ta da kurkum, ta kwanta rub da ciki a kan wuta. Abincinta shinkafa da naman alade mai gishiri da masoro, abin shanta ruwan saiwoyi mai zafi. Jaririyar aka sa mata Tevy.

Ana gobe bakwai iskar ƙarshen damina ta taso, irin mai kwantar da shinkafa a gona. Da safe Narin ya zo da babur ya tsaya yana sosa ƙeya. Sarom ta dube shi sama da ƙasa ta tambaye shi ko so yake ya kashe mata 'ya. Mace mai ɗanyun jijiyoyi, a kan babur, a wannan hanyar mai ramuka, cikin wannan iskar? Ya ce ai an ce zaren. Nan fa ya taɓo inda ta fi kowa sani.

"Zare? Ni za ka gaya wa zare? Shekara arba'in ina cikinsa. Auduga ce ko siliki, ka ajiye shi a wuri mai laima ka ga in zai yi wata guda. Babu zaren da ba ya ruɓewa."

Kuma fa ba ƙarya ta yi ba. Duk zaren da ta taɓa riƙewa a rayuwarta ruɓewa yake yi. Narin ya mayar da babur, Nimol na jin su daga kan gado, har ta ji sanyi a ranta cewa ba za a sake taɓa wurin ba.

Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya yi wari, Sarom tana gasa shi da ganye mai zafi. Cikin mako na uku ƙulli uku suka tsinke fata suka faɗo, Nimol ta tsince su a zaninta. Ta ce wa uwarta biyar ta ƙirga, uku ta gani. Sarom ta ce sauran biyun sun narke a ciki, ta kwantar da hankalinta. Fata ta rufe.

Da Nimol ta cika wata uku ta sauko ƙarƙashin gida, ta kakkaɓe ƙurar da ke kan zanen, ta zauna a benci. Ba ta kai ga ɗaukar ƙoshiya ba ta miƙe zumbur, gumi ya karyo mata. Kamar an kafa ƙaya a tsaye ta zauna a kai da dukan nauyinta. Ta naɗe zani ta ɗora, ta sake gwadawa. Ta kawo matashi. Ta zauna a cinya guda, amma masaƙa tana son ƙafa biyu su taka daidai, in ka karkace zanen ma karkacewa yake yi. Narin ya fafe mata rami a tsakiyar bencin, ya fi wata yana gyara shi, duk a banza, don da ta miƙa ƙafa ta taka sandar sai abin ya ja daga ciki. Mafi tsawon zaman da ta yi a shekarar, ta ƙirga, jifan ƙoshiya arba'in da ɗaya ne.

To ina ne ke ciwo? Wannan ita ce tambayar da ba wanda ya yi mata, ita ma ba ta da bakin faɗa. Ta ce ƙasa. Sarom ta gyaɗa kai, don ta riga ta san sunan abin: toas, ciwon da ke kama mai jego in ta ci abin da jikinta bai karɓa ba. Sai aka shiga bincike, ba na jikinta ba, na tukunya. Wa ya ba ta abarba? Ba wanda ya ba ta. Malis ta tuna cewa wata rana ta gan ta da ɗanyen mangwaro a hannu. Shi ke nan, an kama ɓarawo. Aka nemo ƙwallon mangwaro aka ƙona aka jiƙa tokar ta sha, don da abin da ya kawo toas ake korar sa. Bai yi ba. Sarom ta ce to ba mangwaro ba ne, kifi marar ɓawo ne. Aka hana ta kifi marar ɓawo. Aka hana ta naman ɓauna, da kabewa, da ayaba, da kokwamba, da duk wani abu mai tsami. Kowace shekara Sarom takan gano wani sabon mai laifi, kuma ba a taɓa sakin na baya ba. Matan gari in sun gan ta ta rame sai su ce kwaɗayi ne ya ja mata, ɗanyen mangwaro guda ɗaya, ki duba.

Nimol ta yarda. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ta yarda cewa da bakinta ta jawo wa kanta, har ba ta iya tuna ko ta ci mangwaron nan ko riƙe shi kawai ta yi.

Malis ce ta ƙarasa kamu biyun. Aka kai zanen wat da kiɗa, aka shimfiɗa shi a rufi. Wanda ya san saƙa in ya ɗaga kai zai ga layin da hannu ya canja, giwayen ƙarshe duk ƙafarsu a karye. Nimol ba ta taɓa iya jimawa a zaune a ƙarƙashinsa ba. A wat mace tana zama ne a ƙasa, ƙafafu a naɗe gefe guda, sa'a biyu, sa'a uku, kuma ba a tsayawa kanka ya fi na sufaye tsawo. Sau ɗaya ta gwada, a bikin ciyar da matattu, ta je da shinkafar da ta dafa don mahaifinta. Ana tsakiyar karatu ta miƙe tsaye a gaban kowa. Wata tsohuwa ta ja mata zani ta ce ta zauna don iyayenta, ba ta da tarbiyya ne? Tun daga ranar sai ta ba Tevy kwanon ta shigar, ita ta tsaya a waje bakin taga, inda ake hango gefen zanen.

Narin bai taɓa ɗaga mata murya ba. Amma abin da ya hana ta zama ya hana ta shimfiɗar miji, kuma Sarom ta ce wannan ma wani toas ne, ya yi nesa da ita tukuna. Ya yi nesa shekara huɗu a gida ɗaya. Da aka zo neman masu aikin gini a ƙetaren iyaka ya bi su. Shekarun farko yana zuwa sabuwar shekara, daga baya sai saƙo, daga baya sai labari cewa yana da 'ya'ya a can. Nimol ba ta zage shi ba. Ta ce wa Malis ita ma da za ta iya barin jikin nan ta tafi da ta tafi.

Sai ta koma wadari, don shi ne aikin saƙa da ake yi da ƙafa. Ta ja zare daga wannan turke zuwa wancan, ta dawo, ta koma, wuni guda, tana shirya wa wasu matan abin da za su zauna su saƙa. Ta haɗa da rini, hannunta ya yi baƙi har gwiwa, yatsun suka kakkaure suka faffashe. Wadarinta ba a samun kuskure a ciki, amma duk wadda ta kawo mata aiki ta san kada ta nuna mata zanen in an gama, don takan shafa shi ta kau da kai. A hankali ma aikin ya ja baya. 'Yan mata suka tafi masana'antun ɗinki a birnin Phnom Penh, masaƙu suka yi ta yin shiru gida bayan gida. Tasu, Malis ta yi aure ta bar ta, kaji suka yi ta ƙwai a cikinta, gara ta gama da ita.

Tevy tana da sha tara ta zo haihuwar fari. Asibitin gundumar nan ne dai, an yi masa sabon gini da fenti. Nimol ta bi ta a bayan motar kaya, a tsaye, tana riƙe da ƙarfe. Ungozomar yarinya ce, sunanta Rasmey, ba ta fi Tevy da yawa ba. Da rana ta take naƙuda ta kankama, Rasmey ta jawo tiren kayan aiki, Nimol ta hango almakashi a kai. Matar da ba ta taɓa yi wa mai farar riga musu ba ta sa baƙin hannunta ta danne tiren.

"Kada ki yanka ta, 'yar nan."

Rasmey ta ce ba ta yi niyya ba, yanzu ba a yi sai in dole ta kama, in ma ta kama akwai allura. Ta ce wa Nimol ta saki tiren ta riƙe hannun 'yarta. Ita kuwa ta tallafe wurin da tsumma mai ɗumi, ta yi ta ce wa Tevy ta yi a hankali, ta hura iska, kada ta yi gaggawa. Yaro ya fito, ɗan tsagewar da aka samu ko ɗinki bai buƙata ba.

Bayan an kintsa, Rasmey ta turo wa Nimol kujera. Nimol ta ce ta gode, ta fi son tsayuwa. Rasmey ta ce tun safe take kallon ta, awa bakwai ba ta zauna ba, kuma ta ga yadda ta dubi almakashin.

"Goggo, ina ne ke miki ciwo?"

Nimol ta ce toas ne, ta fara lissafo abubuwan da ba ta ci. Rasmey ta bar ta ta gama, sannan ta ce ba abin da take ci ta tambaya ba, wurin take so ta nuna mata. Shekara sha tara, kuma wannan yarinyar ce ta fara tambaya. Nimol ta dubi ƙofa, ta dubi taga, sannan ta faɗa, da muryar da sai an matso ake ji.

A ɗakin gefe aka duba ta. Ƙarƙashin tabon akwai wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa, Rasmey na taɓa shi Nimol ta kusa faɗowa daga gado. Aka kira likita. Ya yi mata allurar kashe zafi, ta kwanta tana jiran azabar da ta sani, ba ta ji komai ba sai taɓawa. Tana ƙirga numfashinta, ba ta kai ɗari uku ba aka ce an gama. Rasmey ta kawo mata 'yar tasa. Ƙulli biyu ne a ciki, baƙaƙe, tsaf da su, kamar jiya aka ɗaura. Zaren roba ne, in ji likitan, irin na fatsa, ko shekara ɗari ya yi a jiki ba abin da zai same shi. Ya ce da an dawo an cire shi a kan lokaci da ba a kai ga haka ba. Ya tambaya ko ba a gaya musu su dawo ba. Nimol ta ce an gaya musu.

Ta roƙi a ba ta su. Rasmey ta wanke su ta naɗe mata a auduga.

Ba ta warke sarai ba, tabon ya daɗe da yawa, har yanzu in hadari ya haɗo tana jin sa. Amma bayan mako biyar, wata la'asar, ta sauko ƙarƙashin gida inda masaƙa take a dā. Ba abin da ya rage sai ramukan ƙafafunta huɗu a ƙasa da bencin nan mai rami a tsakiya, an ɗora masa kwandon albasa. Ta sauke kwandon ta zauna. Ta jira. Ta miƙa ƙafa kamar za ta taka sanda, ba abin da ya ja. Ta dubi hannuwanta, yatsun da ko allura ba sa iya ɗauka yanzu, sai baƙin ciki ya taso mata irin wanda ba ta ji ba ko ranar da Narin ya tafi. Shekararta arba'in da ɗaya.

Sarom tana kwance a ragar lilo kusa da ita. Ta haura saba'in, ido ya tafi, amma kunne na nan. Ta ji ƙarar bencin ta tambaya wa ya zauna. Nimol ta ce ita ce. Fuskar tsohuwar ta washe, ta ce ai ta faɗa, tun bara da ta ce a bar wake ta san shi ne, ga shi nan kuwa.

Nimol ta yi niyyar ta bar ta da waken. Sau nawa ta ce wa kanta tsohuwa ce, me za a ƙara mata? Amma hannunta ya riga ya kwance bakin zani. Ta kamo tafin uwarta ta ajiye mata ƙullin biyu a ciki.

Sarom ta murza su tsakanin yatsa biyu, yadda take murza kowane zare kafin ta saya. Ta kai hanci. Ta sa farce ta gwada tsinkawa, bai tsinke ba.

"Wannan ba auduga ba ne. Ba siliki ba ne kuma. Ina kika samo shi?"

"A jikina, Inna. Biyun da na ce ban gani ba."

Yatsun tsohuwar suka tsaya. Ragar ta daina lilo. A sama jaririn Tevy ya fara kuka, ba wadda ta motsa a cikinsu. Sarom ta rufe hannunta a kan zaren, ta juya makafin idanunta wajen hanya, inda babur ya tsaya shekara sha tara da suka wuce.

"An yi iska ranar," ta ce. "Kin ji ta ai. Iska ce sosai."

"Na ji ta, Inna."

Ba ta mayar mata da zaren ba, Nimol kuma ba ta nema ba. Da yamma aka kawo wa Sarom abinci ta ce ba ta jin yunwa, hannunta na dama yana dunƙule a ƙirjinta.